Kawu Ba Ya Son Takura wa Kowa

Kawuna ya rasu ranar wata Juma'a a gidansa na Samaru, shi kaɗai a ɗaki, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Yau wata uku ke nan, sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Bai bar ɗa ba, bai bar littafi da sunansa ba. Idan ni da ya riƙa tun ina shekara bakwai ban rubuta ba, ban san wanda zai rubuta ba.

Kwana ukun zaman makoki, gidan da ya yi shekara shida shiru ya cika har bakin titi. Mama, ƙanwarsa wadda ta haife ni, ba ta yi kuka ba ranar farko. Ta yi ta amsa gaisuwa da carbi a hannu, tana cewa, "Haƙuri ya zama dole." Sai a rana ta biyu, da ta shiga kicin neman ludayi, ta tarar da 'yar tukunya ɗaya a kife, da kwano ɗaya, da cokali ɗaya. Nan ta durƙushe a ƙasa.

"Haka Yaya yake cin abinci?" ta tambaye ni. Ni ce ya kamata in san amsar.

Yawancin masu zuwa gaisuwa tsofaffin ɗalibansa ne, don ya yi shekara talatin da wani abu yana koyar da Turanci a wata sakandare a Sabon Gari. Ticha suke ce masa. Wani Alhaji mai furfura, mai sayar da kayan gini a unguwar PZ, ya shigo har tsakar gida ya durƙusa gaban Mama. Bayan addu'a sai ya ce, "Hajiya, wallahi har yau in na ji yarana sun ce off the light, sai gabana ya faɗi, in waiga in ga ko Ticha na bayana." Mata suka kwashe da dariya, sannan kowa ta kai bakin mayafi ido. Wata mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari ta ce da irin tata Hausar, "Ticha ba ya duka. Kallo kawai zai yi maka, kai da kanka za ka gyara bakinka."

Mutum ɗaya ne bai ba da labarin komai ba, shi ne wanda muke kira Baban Muchia, saboda a unguwar Muchia yake zaune. Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya koyar da lissafi a makaranta ɗaya da Kawu, kuma abokinsa ne tun kafin a haife ni. Kullum da hantsi Keke Napep zai sauke shi, ya dogara sanda ya zauna a ƙarshen bencin ƙofar gida, ya yi shiru har yamma. Da na fita gaishe shi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu 'yata. Allah Ya ba mu haƙuri." Iyakar abin da na ji daga bakinsa ke nan a kwana uku.

Allah bai ba Kawu da matarsa, wadda nake kira Inna, haihuwa ba. Shi ya sa Mama ta ba su ni. Sunan mahaifiyar Kawu da Mama na ci, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Dogo ne siriri, mai son farar riga da guga, kullum da jan biro a aljihun gaba. Jarida ba ta fita daga hannunsa sai ya zagaye kurakuran Turancinta kaf. Allunan shaguna ma ba su tsira ba. Muna tafe a babur zai rage gudu ya ce, "Uwata, karanta mini wancan. Me ya ɓace?" Inna takan ce ta auri mutum ne ta tarar da ƙamus a ɗaki.

Ina shekara goma sha ɗaya gobara ta kusa cin gidanmu. Wata Asabar da safe Inna ta bar ni da suyar ƙosai ta shiga wanka. Na tsaya kallon faɗan kaji, mai ya yi zafi ya kama da wuta, harshen ya kai ga rufin kicin. Na kurma ihu na suri bokitin ruwa. Kawu ya fito a guje daga shi sai singileti, ya fizge bokitin ya jefar, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini irinta ba: "Kada ki zuba! Ruwa ba ya kashe wutar mai!" Ya jiƙa buhu ya rufe kaskon da hannunsa, ya danne har wutar ta mutu. Bayan hannunsa na dama ya saluɓe. Tabon yana nan har ranar da aka yi masa wanka.

Inna na kuka tana zuba masa ruwan sanyi a hannu, ni ina rakuɓe, ina jiran hukunci. Sai ya dube ni ya ce, "To Uwata, faɗa mini da Turanci abin da ya faru."

Na ce cikin sheshsheƙa, "Kawu quench the fire."

Ya runtse ido kamar maganar ta fi ƙunar zafi. "Kawu put out the fire. Maimaita."

Inna ta saki hannunsa. "Malam, ka ji tsoron Allah! Fatarka na zuba kana ba yarinya darasi?"

"In ban koya mata yau ba, yaushe za ta ƙara ganin misali mai kyau irin wannan?"

Sai da na girma na gane dabara ce. Ya ga tsoro na neman kashe ni, ya ba ni abin da zan riƙe. Bai taɓa tayar da zancen gobarar nan ba daga ranar.

A aji uku na sakandare na zama ɗalibarsa, na ga darasin da duk wanda ya bi ta hannunsa yake tunawa. Ya shigo da tsakar rana ya ciro kyandir da ashana daga jaka, ya kunna ya kafa a kan tebur. Ya ce, "Wa zai ce mini in kashe wannan da Turanci?" Wani ya ce off it, wani ya ce quench am, wani daga baya ya ce kill it. Kawu ya girgiza kai, ya rubuta kalma biyu a allo, put da out, ya hure kyandir ɗin.

"Wannan ita ce ma'anar da za ku fi buƙata," in ji shi. "Kashe wuta, kashe fitila, kashe taba. Amma kada ku ɗauka kun gama da su."

Ya je gaban wata yarinya ya ce put out your hand. Ta miƙa hannu tana ƙifta ido, ta zaci bulala ce, sai ya saka mata alawa a tafi. Miƙa hannu ke nan. Ya ɗauki kwandon shara ya ajiye a waje, ya ce fitar da abu ke nan. Ya buɗe jarida ya nuna mana inda aka ce hukuma ta fitar da sanarwa, ga kalmomin nan biyu zaune a wurin. Sannan ya sa muka yi ta rerawa put it out, put it out, don kada wani ya kuskura ya ce put out it a gabansa. Ya rufe da abin da yake yawan faɗa: "Ƙananan kalmomin Turanci su ne masu kā da mutum. Kowa ya san put, kowa ya san out. In suka haɗu, sai ka dubi abin da ke kusa da su kafin ka ce ka gane."

A wannan shekarar ne suka ɓata da Baban Muchia. 'Yarsa ƙawata ce, benci ɗaya muke zama. A jarrabawar ƙarshen shekara maki ɗaya ya hana ta cin Turanci, kuma a makarantarmu wanda ya faɗi Turanci sai ya maimaita aji. Inda ta rasa makin, ta rubuta cewa 'yan kwana-kwana sun put off wuta ne maimakon put out. Baban Muchia ya zo har Samaru da takardar a hannu. Ina kai musu ruwa a zaure na ji komai.

"Malam, maki ɗaya ne. Kowa ya san abin da yarinyar take nufi."

"Ni na san abin da take nufi. Takardar ba ta sani ba. Put off ɗage abu ne zuwa wani lokaci. Cewa ta yi sun ɗage kashe wutar. In gidanka ke ci, haka kake so a yi maka?"

"Shekara guda ta rayuwarta za ka cinye saboda kalma ɗaya?"

"Yara huɗu sun faɗi a wannan wurin. In na ɗaga taka, me zan ce wa iyayen ukun da ba su san hanyar gidana ba?"

Baban Muchia ya miƙe. "Ashe ni ma ban san hanyar gidanka ba." Ya fita bai sha ruwan ba.

Yarinyar ta maimaita aji. Ta daina yi mini magana, uban ya daina yi wa Kawu. A ofishin malamai kowa ya juya kujerarsa. Inna ta yi masa faɗa har ta gaji, ta ce taurin kansa zai bar shi ba aboki. Kawu bai ba kowa haƙuri ba. Abin da ya yi shi ne, Asabar ta farko bayan an koma makaranta ya hau babur ya tafi Muchia. Ya yi sallama da matar gidan, ya ce a turo masa yarinyar da littafinta. Ya zauna a barandar gidan mutumin da ba ya gaishe shi, ya koya wa 'yarsa Turanci sa'a biyu, ya tashi ya tafi. Haka ya yi kowace Asabar, da rani da damina. Baban Muchia in ya ji ƙarar babur sai ya shige ɗaki ya kunna rediyo.

Wata Asabar, wajen wata na takwas, aka gama darasi babur ya ƙi tashi. Kawu ya yi ta bugawa har ya jiƙe da gumi. Sai ga Baban Muchia ya fito da sifana, bai kalle shi ba, ya tsuguna ya kwance fulogi ya goge ya mayar. Bugu ɗaya babur ya tashi.

"Babur ɗin ma irin halinka gare shi," in ji Baban Muchia. "Sauko ka ci abinci."

Shi ke nan sulhun. Yarinyar ta zo ta ɗaya a Turanci a shekarar, yanzu lauya ce a Jos. Su kuwa tsofaffin har suka yi ritaya ba su daina musu a kan makin nan ba, sai dai da dariya.

Inna ta rasu shekara shida da suka wuce. Lokacin na daɗe da aure, ina zaune a Zabi da maigidana da yara huɗu, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Unguwar Kawu kuma ta canja. Maƙwabtansa na dā, wasu sun rasu, wasu sun sayar, an rushe gidajen an gina ɗakunan haya na ɗaliban jami'a. Yakan fito da kujera ƙofar gida bayan la'asar da jaridarsa da jan bironsa. Ɗalibai na wucewa da abin sauraro a kunne, suna haɗa Hausa da Turanci, ba wanda ya san wannan tsohon ya taɓa tsayar da aji da kallo. Wani lokaci yakan gyara wa wani magana, a ce masa "Yes Baba" a wuce. Daga baya ya daina. Babur ya gagare shi hawa. Baban Muchia ma gwiwa ta hana shi fita, suka koma waya, sannan kunnensa ya yi nauyi, wayar ta zama ihu da "Me ka ce?"

Bayan arba'in ɗin Inna na je da maigidana muka roƙe shi ya dawo Zabi. Mun gyara masa ɗaki har da fenti. Ya saurare mu har muka gama, ya yi godiya, ya yi wa maigidana addu'a. Da maigidan ya fita sai ya ce, "Uwata, akwai ma'ana ɗaya da ban koya muku a aji ba, don yara ba su da buƙatarta. In Bature ya ce I don't want to put you out, nufinsa ba na son in takura miki, ba na son in ɗora miki wahala. In kuma aka ce mutum ya yi put out, to ransa ne ya sosu, ya ji ba daɗi amma ba zai faɗa ba. Ni ba na son in ga ko ɗaya a fuskarki."

Na ce, "Kawu, wace irin takura? Kai ka raine ni."

"Shi ya sa. Bar ni in ci gaba da zama wanda ya raine ki."

Na yi fushi, na yi kuka, bai sauya ba. Da farko duk Asabar nake zuwa da abinci da wanki. Sannan ya zama bayan mako biyu. Sannan sai in aika da kular abinci ta hannun mai Keke Napep in bi da waya. Kullum amsarsa ɗaya: lafiya lau, kada ki wahalar da kanki, ya yara? Ni kuma na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Daga Zabi zuwa Samaru bai kai tafiyar sa'a ɗaya ba ko da an sami cunkoso a Kwangila.

Ranar Laraba ta makon jarrabawa, ina ofishin malamai da tarin takardu a gabana, saƙonsa ya shigo. Da Turanci yake rubuta saƙo, da waƙafi da aya cif. Ga abin da ya ce: "My dear mother, I am a little unwell. Come if you can, but do not put yourself out." Wato ba ya ɗan jin daɗi, in zo in na sami hali, amma kada in takura kaina.

Na gane kowace kalma, shi ya koya mini. Na kira shi, ya ce 'yar masassara ce, ya sha magani. Muryarsa ta yi ƙasa, na ji, amma na dubi takardun na ce, "Kawu, in sha Allahu ran Asabar da sassafe ina nan." Ya ce, "Allah Ya kai mu, Uwata. Ki duba takardun yara da adalci."

Ranar Juma'a da hantsi mai shagon da ke kallon gidan ya lura Ticha bai fito karɓar burodinsa ba, kuma ba a gan shi a masallaci da asuba ba. Suka ɓalle ƙofa da liman. Suka same shi zaune a kujerarsa, sanye da farar riga, tabarau a cinya. Ya share ɗaki, ya wanke tukunya. Likita ya ce zuciya ce. Ina gaban allo aka kira ni.

Na yi mako biyar ban nuna wa kowa saƙon ba, ko Mama, ko maigidana. Ranar da abin ya ishe ni na hau Keke Napep na tafi Muchia. Na tarar da Baban Muchia a barandar nan da Kawu ya yi shekara yana koyarwa, shi kaɗai, matarsa ta riga shi tuntuni. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi.

"Shekara hamsin na san shi," ya ce, "ban taɓa jin ya ce ba shi da lafiya ba. Ko ranar da ya ƙone cewa ya yi ƙwarzane ne."

"Na sani, Baba," na ce da ƙarfi don ya ji. "Na sani, kuma ban zo ba."

Na zaci zai ce mini ƙaddara ce, kamar yadda kowa zai ce. Bai ce ba. Ya ajiye wayar a kan benci ya ce, "Ni ma ya kira ni ran Larabar. Na ɗauka. Na ji yana magana, ya daɗe yana magana, amma ban kama ko kalma ɗaya ba. Kunya ta hana ni in ce ya maimaita. Sai na yi ta cewa e, e, haka ne, Malam. Har ya kashe." Ya share fuska da tafin hannu. "Ban san abin da na ce wa e ba, 'yata. Ko ban kwana yake yi mini, ko cewa yake in zo."

Daga can cikin unguwa ana jin masu koyon waƙa a coci suna ta maimaita layi ɗaya. Can sai ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan akwati, ya buɗe. Na'urar ji ce, 'yar ƙarama, irin wadda ake sawa a kunne.

"'Yar'uwarki ta aiko mini daga Jos. Kwana tara bayan an binne shi ta iso." Ya ɗauka ya saka a kunne, ya ɗan murɗa. "Kin ga yanzu ba sai kin ɗaga murya ba. Ina jin komai. Ina jin tsuntsaye, ina jin famfon maƙwabta yana ɗiga. Wayar ce dai ba ta yi ƙara ba tun ranar."

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa da sandarsa. Na ce zan dawo ran Laraba in an tashi makaranta. Ya buɗe baki zai ce kada in wahalar da kaina, na ga maganar ta taso har leɓensa. Sai ya haɗiye ta.

"Ki zo," ya ce. "Ina so ki zo."

Ina zuwa. Laraba bakwai ke nan ban fasa ba. Muna shan shayi, ya ba ni labarin Kawu na zamanin samartakarsu, wanda ban taɓa ji ba, ni kuma in ba shi na gida wanda shi bai sani ba. Wani lokaci labarin ya ƙare mu zauna kawai har a kira la'asar, ya nuna mini inda zan shimfiɗa sallaya.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa shi kaɗai. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Inna a gidan da ba a kaɗaici. Ni kuma da na ce sai Asabar, Ka yafe mini.